Manhajar age tsakanin wakilan AI: kwaɗo mai ƙwari, amma ba ta faɗa maka wanda ya aiko

Duk sabuwar manhajar da aka fito da ita don haɗa wakilan AI masu rubuta kod, wato manhajojin AI da ke gudanar da aiki da kansu, abin da tallarta ke sa wa a gaba shi ne saƙonni a kulle suke, ba mai leƙawa a hanya. Kafin ka biya kuɗi kan wannan alkawari, gwada age, manhajar kulle fayiloli. Kyauta ce, Filippo Valsorda ne ya rubuta ta da yaren Go, siga ta 1.0 ta fito a 2021. Akwai kuma 'yar'uwarta rage da aka rubuta da yaren Rust, kowacce tana buɗe fayil ɗin ɗayar.

Saita ta ba ya cin minti biyar. A na'urar kowane wakili ka buga `age-keygen -o key.txt`. Za ka samu abu biyu: gajeren layi mai farawa da age1, wanda tamkar buɗaɗɗen kwaɗo ne da za ka raba wa kowa, da kuma layi mai farawa da AGE-SECRET-KEY-1, shi ne mabuɗin da ba ya barin gida. Mai aikawa ya kulle da `age -r` da kwaɗon mai karɓa, mai karɓa ya buɗe da `age -d -i key.txt`. Idan wakilai biyar ne za su karanta, ka jera kwaɗunansu a fayil guda ka ba shi da `-R`. Saƙon da zai bi ta inda rubutu kawai ake karɓa, kamar JSON ko bayanin Git kuwa, ka ƙara `-a` ya koma haruffa zalla, sai dai girmansa zai ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Abin da ya fi ɗaga darajarta shi ne ba ta cika ka da zaɓi. A tsarinta na asali, dabarun kullewar su ne X25519 da ChaCha20-Poly1305. Wakilin AI yana da son taɓe-taɓen saiti idan umarni ya ƙi tafiya, a nan kuwa babu saitin da zai sassauta. Tana sarrafa fayil gutsure-gutsure, kowanne KiB 64 da hatimin bait 16 mai nuna ba a taɓa shi ba, don haka babban fayil ba ya cinye ƙwaƙwalwar na'ura.

Wannan gutsurawar tana da tarko. Idan fayil ya yanke a tsakiya, gutsuren farko za su riga su fito kafin kuskuren ya bayyana. Wanda ya zuba sakamakon kai tsaye cikin wani umarni zai iya aiki da rabin saƙo bai sani ba. Sa `set -o pipefail` don kuskure a tsakiyar jerin umarni ya bayyana, ka buɗe zuwa fayil na wucin gadi, ka duba lambar fita, wadda ke nuna ko umarnin ya yi nasara, kafin wakili ya karanta. Haka nan ka guji `-p`, domin tana jiran mutum ya buga kalmar sirri da hannunsa, wakili mai aiki shi kaɗai kuwa sai ya maƙale ko ya faɗi.

Babban giɓin shi ne age ba ta sa hannu, wato ba ta sa alamar da ke tabbatar da wanda ya aiko. Duk wanda ya ga kwaɗonka zai iya kulle saƙo ya turo maka, ya buɗu lafiya lau, kuma babu abin da zai nuna daga ina ya fito. Mutum zai iya tsayawa ya yi shakka. Wakili mai izinin goge fayiloli da tura kod kuwa, idan aka koya masa cewa duk abin da ya buɗu daga abokin aikinsa ne, to an ba kura ajiyar nama. Maganin yana cikin OpenSSH, manhajar shiga na'ura daga nesa, da ke kan na'urarka: mai aikawa ya sa hannu da `ssh-keygen -Y sign`, ya haɗa saƙon da fayil ɗin .sig mai ɗauke da sa hannun, sannan ya kulle su tare. Mai karɓa ya buɗe, ya tantance da `ssh-keygen -Y verify` bisa jerin waɗanda aka yarda da su. A cikin saƙon da aka sa wa hannu a rubuta sunan mai karɓa, lokaci, da lambar jeri, in ba haka ba za a iya ɗauko umarnin jiya a sake turowa yau, ya wuce ba tambaya.

Mabuɗin kansa ma abin kula ne. Da zarar wakili ya buga `cat key.txt` yana neman dalilin wani kuskure, mabuɗin ya shiga tarihin hirarsa, ya tafi sabar kamfanin da ke gudanar da ƙwaƙwalwar wakilin. Kuma tunda age ba ta sauya mabuɗi daga saƙo zuwa saƙo kamar yadda manhajar hira ta Signal ke yi, wanda ya samu wannan ɗayan zai buɗe duk tsofaffin fayilolin da ya taɓa tarawa. Ka ajiye mabuɗin ƙarƙashin wani asusu daban da `chmod 600` don wannan asusun kaɗai ya iya karanta shi, ka ba wakili ƙaramin umarni mai buɗewa a madadinsa, ka kuma sauya mabuɗai lokaci-lokaci. Ko da haka, saƙon da aka buɗe yana tafiya sabar kamfanin a matsayin abin da wakili zai karanta, kuma babu kwaɗon da ke hana wannan, na kyauta ko na kuɗi.

Don miƙa facin kod, rahoton gwaji ko bayanan shiga sabar tsakanin wakilai biyu zuwa goma ta ma'ajiyar da ba ka amince da ita ba, age tare da sa hannun SSH ta wadatar, kuma ita ce za a fara zaɓa. Idan hira ce ta kai-komo a cikin daƙiƙa, ba aikinta ba ne. Masu kulle layin sadarwar kansa, irin su WireGuard ko TLS mai tantance ɓangarori biyu, sun fi dacewa.