Cibiyar da ba ta tambayi ƙanwata "me ya kai ki?" ba

Na daɗe ina jan ƙafa kan wannan rubutu, sai da ƙanwata ta ce, "Yaya, ki rubuta, amma ki rufa min asiri." Don haka ba sunanta, ba na cibiyar, kada wanda ya san mu ya gano bakin zaren. Cibiya ce ta kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, a harabar wani asibiti a Abuja, kuma wata uku muka yi muna zarya a can.

A Oktoban 2020 muka fita zanga-zangar EndSARS, ta neman a rushe SARS, rundunar 'yan sanda ta yaƙi da fashi. Ni abin da ya fitar da ni shi ne kamun da 'yan SARS suka yi wa Maryam Awaisu a Kaduna a Fabrairun 2019, lokacin ArewaMeToo, gangamin matan Arewa na fallasa masu fyaɗe. Na ce tunda mai cewa a daina fyaɗe ita ake kamawa, ai maganar tamu ce. Ko da Sufeto Janar Mohammed Adamu ya ce an rushe SARS ran 11 ga wata, ba mu koma gida ba. Mata ne suka riƙe taron nan. Ƙungiyar mata ta Feminist Coalition ta tara sama da naira miliyan 147, ta ciyar, ta biya lauyoyi da kuɗin asibiti, hoton Aisha Yesufu da hijabinta ya zaga duniya. Ni da ƙanwata ruwan leda muke rabawa.

Ranar da 'yan daba suka far mana da sanduna, kowa ya yi ta kansa, muka rabu. Wani daga cikinmu, wanda ya wuni yana ɗaga kwali yana ihun "soro soke", wato "ɗaga murya" da Yarbanci, ya ce zai rage mata hanya zuwa Kubwa. Sai da ya keta mata haddi kafin ya sauke ta. Kwana biyu ta yi tana rufe ɗaki kafin ta faɗa min. Na samu ɗaya daga cikin masu tsara jerin gwano, ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, ki bari a gama tukuna. In maganar nan ta fita, gwamnati ta samu abin da take nema." Wata maƙwabciyarmu nas ce ta yi mana kwatancen cibiyar.

Ƙofarsu ta baya ce, ba layin yankar kati, ba wanda ya ce mu kawo ko sisi. Nas ɗin da ta karɓe mu dattijuwa ce. Ta kawo shayi da zane mai tsabta, sannan ta yi tambaya ɗaya: "'Yata, wace rana, ƙarfe nawa?" Ashe lissafi take yi. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, mu kuwa mun ci sama da hamsin. Nan take ta ba ta ƙwayar farko, ta ce kwana 28 za ta sha, zai sa ta tashin zuciya, kada ta bari. Aka haɗa da maganin hana ɗaukar ciki da allurar ciwon hanta. Kafin likita ta taɓa ko'ina sai ta ce, "Zan duba nan, kin yarda?" Sau ɗaya ƙanwata ta ce a'a, aka dakata har ta ce a ci gaba.

Ta riga ta yi wanka ya fi a ƙirga, ta wanke kayanta duka, sai siket ɗin ciki da ta cusa a leda. Ba wanda ya yi mata faɗa. Nas ta ciro shi ta sa a ambulan na takarda, ta ce leda tana riƙe danshi, danshi kuma yana lalata shaida. Ni da digirina ban taɓa jin haka ba.

Amma fa akwai gyara. Ƙarfe huɗu suke rufewa, kamar masifa tana bin lokacin ofis. Daren Asabar ɗin da amai ya hana ta barci, sau shida na kira lambar da suka ba mu, shiru. Mai ba da shawara ta cibiyar kuma ba ta jin Hausa. Ƙanwata ta iya Turanci, sai dai kuka da harshen gida yake zuwa. Da ta kasa magana, sai suka kira wata mai shara ta yi tafinta. Baiwar Allah ta yi ƙoƙari, amma sirrin da aka ce na mutum biyu ne ya zama na uku, kuma daga ranar ƙanwata ta ƙi komawa wannan ɗaki.

Ta wajen shari'a, takardar likita ta fita tsaf. Lauyarsu ta yi mana bayanin dokar hana cin zarafin mutane (VAPP) ta 2015, wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai kan fyaɗe, ta raka mu wani caji ofis. Can muka ji tambayar da cibiyar ba ta yi ba: "Me ya kai 'ya mace zanga-zanga?" Aka nemi kuɗin mai. Wanda ya yi mata fyaɗen ya canza layin waya, bayan harbin Lekki na 20 ga Oktoba taron ya watse, fayil ya kwanta. Lauyar ta bi sawu sau biyu, ita kaɗai ce ga mata masu yawa, ban ga laifinta sosai ba.

In za ki raka wata, ku je da safe, kafin ta yi wanka in zai yiwu, da kayan da ke jikinta a lokacin, kuma ki tafi da wadda ta amince da ita ta yi mata tafinta.

A Janairu aka yi gwajin ƙanjamau na ƙarshe. Nas ta duba takarda, ta riƙe hannunta ta ce, "Lafiya lau, 'yata." Har yau ƙanwata ba ta shiga motar da ba ta san mai ita ba. Ta gwammace ta tsaya awa guda a Berger tana jiran bas.