Legalon 140 a lokacin murar Hajji da Umara: yana tsare hanta?

Da zarar mura mai zazzaɓi ta ɓarke a Makka, sai ka ji 'yan uwa a Masfala da Shara Mansur suna ba juna shawara: "Alhaji, ka haɗa da maganin hanta." Legalon suke nufi, kafson da ake samu a saidaliyya (kantin magani), mai miligiram 70 ko 140.

Maganin ba na jabu ba ne. Abin da ke cikinsa silimarin ne, wanda ake tatsowa daga 'ya'yan wata ƙaya mai fure shuɗi-ja; silimarin yana cikin dangin sinadaran tsirrai da ake kira filabonoyid. An auna shi daidai a kowane kafso, kuma wannan ya fifita shi a kan garin da ake sayarwa a leda, domin silimarin ba ya narkewa sosai a ruwa, wanda ya dafa shi kamar shayi kaɗan zai samu. Yawanci ana rubuta 140 sau uku a rana. Illarsa ba ta da yawa, sai dai ya ɗan saki ciki. Mai ciwon suga ya sa ido, yana iya ɗan sauke sugan.

A maganar infuluwenza, wato mura mai zazzaɓi, ne muka rage masa maki. Gaskiya ne cutar kan ɗaga ALT da AST, ma'aunan hanta a gwajin jini, amma galibi kaɗan ne, kuma suna sauka da kansu idan mutum ya warke. Binciken da ya nuna filabonoyid na rage wa hanta wahala yayin infuluwenza, akasarinsa a kan ɓeraye aka yi. A kan mutane kuwa, a 2012 an wallafa wani gwaji na Amurka da aka ba masu ciwon hanta nau'in C silimarin har miligiram 700 sau uku a rana, tsawon mako 24, ALT ɗinsu bai fi na waɗanda ba su sha ba sauka.

Abin da ya fi ba mu tsoro farasitamol ne. Mutum ya sha Panadol biyu, ya ƙara Panadol Cold & Flu, da dare ya kaɗa garin mura a ruwan zafi, bai san dukkansu farasitamol ke ciki ba. Iyakar babban mutum giram 4 ne a awa 24, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, da tazarar aƙalla awa 4. Mai azumi, ko wanda zazzaɓi ya hana cin abinci, ya tsaya ƙasa da haka, saboda hantarsa ta yi ƙarancin sinadarin da ke kashe dafin maganin. Wanda ya wuce iyaka ya tafi asibiti nan take ko da yana jin garau, domin alamun kan yi kwana ɗaya zuwa uku kafin su fito, makarin kuma ya fi aiki cikin awa 8 na farko. Legalon ba ya maye gurbinsa.

Tsoho, mai juna biyu, da mai asma su ga likita da wuri, domin Tamiflu, maganin infuluwenza, ya fi amfani cikin awa 48 da fara ciwo. Idan idanu suka yi rawaya ko fitsari ya yi duhu, a yi gwajin jini a ranar.

Wanda likita ya ɗora a kan Legalon ya ci gaba da sha. Mai mura kawai ya adana riyalansa, ya yi allurar rigakafin infuluwenza kafin lokacin cunkoso na gaba.