Manhajar lissafin kwamfutoci: kafin ka zaɓa, duba yadda take gane tagwaye

Ni ke kula da kwamfutocin makarantu uku a ƙauyukan da ke tsakanin Ringim da Taura. Bara da damina masu binciken kaya suka zo, takardar da na buga ta ce kwamfuta 58, aka ƙirga aka samu 41. Shugaban makaranta ya dube ni ya ce, "Malam, sauran goma sha bakwai fa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ba a taɓa sayensu ba." Kallon da aka yi mini, har gobe yana raina. Ashe manhajar da nake amfani da ita a lokacin, ba zan kama suna ba, ita ke haifar tagwaye: duk wadda na yi wa fomatin sai ta rubuta ta a sabuwa, tsohon sunan kuma yana nan zaune daram.

Tun daga ranar, abin da nake fara dubawa shi ne da me manhaja take gane kwamfuta. Sunan da aka raɗa mata a Windows yana canjawa. Lambar MAC kuwa, wato lambar katin da ke haɗa kwamfuta da intanet, laftof ɗaya biyu gare ta, ta waya da ta Wi-Fi. Saura lambar siriyal ta cikin BIOS (ƙaramar manhajar da ke cikin allon kwamfuta tun daga kamfani), wadda kowa ya dogara da ita, ita ce kuma ke kayar da mu a nan.

Ni dai Snipe-IT na riƙe. Kyauta ce in a kwamfutarka za ka girka ta, tsohuwar kwamfutar tebur ɗaya mai PHP da MySQL (manhajojin da take aiki a kansu) ta isa. Abin da wasu ke raina ta da shi, shi ya sa nake son ta: ba ta da ɗan aiken da ake dasawa a kowace kwamfuta yana kai rahoto. Kai za ka rubuta kaya da hannunka, ka ba kowanne lambar gida, wato lambar da kai ka ƙirƙira masa, kuma ba ta yarda lamba ɗaya ta hau kaya biyu. A saitinta akwai inda za ka kunna ta riƙa ƙin siriyal ɗin da aka riga aka shigar. Tana buga 'yar takarda mai QR ka manna a jiki, tana riƙe sunan malamin da aka ba laftof da ranar da ya dawo da ita. Yi fomatin sau goma, canja hadis (hard disk), lambar nan tana nan. A garin da wuta sai an ga dama, sabis kuma sai an hau tudu, ɗan aike wa zai kai wa rahoto? Hattara ɗaya: in za ka shigo da lissafi daga fayil ɗin CSV (jerin kaya irin na Excel) karo na biyu, ka tabbata lambar gida tana ciki, don da ita take gane tsohon kaya.

A cikin sauran manhajojin, GLPI, 'yar Faransa, tana da ƙarfi, tun fitowa ta 10 a 2022 take lissafi da kanta, amma shirya ƙa'idojin haɗe kayanta aikin mai ofis da janareta ne. OCS Inventory har shafi guda ta ware don haɗe tagwaye, wannan kaɗai ya ishe ni bayani. Lansweeper kyauta ce zuwa na'ura 100, daga nan sai dala. Excel kuwa, ko sau biyar ka rubuta abu ba ta cewa uffan.

Yanzu ga inda ake cutar mu. Yawancin kayanmu na hannu ne, an sauya wa wannan allon ciki (motherboard), an sauya wa waccan murfin ƙasa. Takardar da ke manne a ƙasa daban, lambar BIOS daban. Kafin ka biya kuɗin kwamfuta, buɗe PowerShell na cikin Windows ka rubuta Get-CimInstance Win32_BIOS, ka gwada siriyal ɗin da ta fito da ta jiki. Ta Dell baƙi bakwai ce. In ka ga "To be filled by O.E.M." ko "Default string", to ba lamba ba ce, gurbi ne da ba a cike ba, kuma kwamfutocin haɗi goma za su iya nuna shi iri ɗaya, sai manhaja mai ɗan aike ta dunƙule su ta ce ɗaya ce. Haka ma in an kwafi hadis guda zuwa kwamfutocin ɗaki guda da ɗan aiken a ciki. Wannan ya fi tagwaye haɗari, don tara za su iya fita ta taga lissafi bai motsa ba.

Akwai kuma ɗan kwangilar da zai kawo takardar da manhaja ta buga ya ce a sa hannu. Kada ka sa sai ka taɓa kowace kwamfuta da hannunka. Wani ya taɓa zuwa mana da filas, wai lasisin Snipe-IT yake sayarwa, har da rasit mai hatimi. Na ce, "Yallaɓai, na nawa ne?" Na buɗe masa tawa a kan tebur, ya ce bari ya ɗauko abu a mashin ɗinsa. Rasit ɗin yana nan a durowata.