Hattara da masu gyaran injin wanki da ke cewa "moto ya ƙone"

Assalamu alaikum. Jama'a, musamman iyayenmu mata da ke wuni a gida, a kula da wasu samari da ke yawo unguwa-unguwa a Kano da jakar kayan aiki, wasu kuma sun rubuta lambar waya a jikin katanga, wai gyaran injin wanki suke yi. Akwai masu tsoron Allah a sana'ar, amma ɓata-garin cikinsu salonsu kusan ɗaya ne.

Kin zuba kaya, kin murɗa, kina jin injin yana ƙugi amma faifan da ke ƙasan bahon ba ya juyawa. Mai gyara ya zo ya kwance murfin baya, ya ɗan shinshina, ya girgiza kai: "Hajiya, moto ya ƙone, wuta ce aka kawo da ƙarfi." Wa zai musa, tunda kowa ya san halin wutarmu? Sai ya kwance moton, ya karɓi kafin alƙalami, ya ce zai kai a sake naɗa masa waya. Daga nan ko dai wayarsa ta daina shiga, ko ya dawo da wani tsohon moto mai wayar alminiyom. Naki mai jan ƙarfe ya riga ya sayar, domin ko a wurin 'yan gwangwan jan ƙarfe kuɗi ne.

Abin da ke min ciwo shi ne, sau da yawa moton lafiyarsa lau. Bel ne kawai, robar nan da ke haɗa moto da fulin da ke juya faifan wanki. Yakan saki, ya tsattsage, ya tsinke, ko ya zame ya faɗi. Kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin moto ba, kuma sa shi aikin 'yan mintuna ne.

Don haka kafin a taɓa moto, a zare filogi daga soket, a buɗe bayan a gabanki. In kin ga baƙin garin roba a ƙasa, ko bel ya yi santsi yana ƙyalli, ko yana lilo, ga matsalar nan. Ki ce ya cire bel ɗin ya kunna injin. In moto ya juya, maganar ƙonewa ta ƙare. In ya yi ƙugi bai juya ba, a fara gwada kafasita, wato 'yar na'urar da ke taimaka wa moto ya juya, ita ma ba ta da tsada. Amma kada ki sa hannu a kanta, tana riƙe wuta ko bayan an kashe.

Akwai kuma masu cuta ta ɗaya ɓangaren, su karɓi kuɗin bel inda babu bel. A injin mai baho biyu, ɓangaren matse kaya a kan moto yake zaune kai tsaye. Haka injinan LG da aka rubuta wa Direct Drive, ba su da bel sam. Wasu kuma tsohon bel suke goge wa da mai ya yi baƙi ƙirin kamar sabo, alhali shi man yana sa bel zamewa, ya kuma lalata robar.

Kowane bel da lambarsa a jiki. Na injin mai ƙofa a gaba za ki ga irin 1270 J5, wato tsawonsa milimita 1270, layukan cikinsa 5. A ba maigida ko yaro tsohon ya je da shi Sabon Gari ya sayo daidai lambar, mai gyara a biya shi kuɗin aikinsa kawai.

In har ya tabbata sai moto ya bar gidan, a yi amfani da wayar hannu a ɗauki hoton takardar da ke manne a jikinsa, a bi mai gyaran a ga shagonsa, kuma kada a biya cikon kuɗi sai an daidaita lambar moton da ya dawo da ta hoton. Wanda ya ce ba shi da shago, kada ya fita da ko sukuru ɗaya. Wanda aka riga aka cuta ya sanar da mai unguwa da 'yan sanda, ya kuma faɗa wa maƙwabta, domin layi ɗaya sukan bi gida-gida.