Sharhi Kan Sashen Wasan Kwaikwayon da Na Zaɓa Duk da Gargaɗin Tsofaffin Ɗalibai

Na yi digirina a fannin wasan kwaikwayo a wata jami'ar gwamnatin tarayya da ke Arewa, kuma tun da na dawo gida Gusau iyaye da 'yammata suke tambayata ko sashen wuri ne da za a tura 'ya mace hankali kwance. Ba zan ambaci sunan jami'ar ba, domin akwai ƙannena da suke karatu a can yanzu, kuma malaman da zan yaba da waɗanda zan yi ƙorafi a kansu duk suna nan suna ba da maki.

Lokacin da zan cike fom ɗin JAMB, ra'ayoyin tsofaffin ɗaliban sashen da na karanta a intanet sun rabu gida biyu. Wasu suna cewa babu kayan aiki, komai sai ɗalibai sun yi karo-karo, atisaye kuma yana kai dare, har wata ta rubuta cewa duk wadda take son mutuncinta ta nemi wani kwas. Wasu kuwa suna rantsuwa cewa malaman sashen sun canza musu rayuwa. Baba ya fi jin maganar rukunin farko. Ya ce mini, "Ɗiyata, in dai wasa na, ai kun yi tashe tun kuna ƙanana ba a biya ko kwabo ba, mi za ki nema jami'a?" Kawuna, wanda ya daɗe yana koyarwa a firamare, shi ya tsaya mini, ya tuna wa Baba cewa Alhaji Abubakar Tunau na Mafara, mutumin ƙasarmu ne kuma dattijon da ake girmamawa, shi ya rubuta Wasan Marafa tun 1949 domin wayar da kan jama'a, aka kuma yi ta karanta shi a makarantu. Da wannan Baba ya yarda, bisa sharaɗin ba zan sauke hijabina ba.

Shekarar farko ta kusa gaskata masu kushe. Yawancin darussan a kan allo aka yi su, tarihin wasan kwaikwayo tun daga Girka har Ingila, cikin Turancin da ya yi wa wadda ta fito daga sakandaren gwamnati irina nauyi, kuma atisaye sau da yawa sai bayan sallar isha'i ake farawa saboda da rana wasu sassan suna lakca a zauren. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ma ya cinye mana wata takwas, amma wannan ya shafi kowa. Rashin ɗa'ar da ake faɗa dai ban gan shi ba. Babu malamin da ya taɓa yi mini maganar hijabi, kuma duk fitowar da ta ƙunshi taɓa namiji, da zarar na ce ba zan yi ba, sai a sake tsara ta ba tare da an rage mini maki ba.

Abin da ya sa nake wannan rubutu a aji uku ya faru, a kwas ɗin wasan kwaikwayo domin ci gaban al'umma, salon da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta shahara da shi tun shekarun 1970, sauran jami'o'i irin tamu suka koya daga gare ta. Ana raba ɗalibai rukuni-rukuni, kowane rukuni ya zaɓi wata matsala ta gaske, ya bincika ta, ya gina wasa a kanta, sannan ya kai wa mutanen da abin ya shafa har ƙofar gidansu. Ni na kawo wa rukuninmu batun gubar dalma, domin ina yarinya a 2010 lokacin da yara suka yi ta mutuwa a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega, kuma dangin mahaifiyata na wannan yankin ne. Yara fiye da 400 suka rasu. Maza suna haƙo dutsen zinare mai ɗauke da dalma, ana kawo shi cikin gida a daka a turmi ko a niƙa a injin niƙan hatsi, ƙurar ta bi ƙasar tsakar gida inda ƙananan yara suke rarrafe suna kai hannu baki. Yaro ya fara amai da jijjiga, iyaye su ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, sai da likitocin ƙungiyar agajin lafiya ta ƙasa da ƙasa, MSF, suka gwada jinin yaran aka gane tushen abin.

Ni aka ba wa fitowar uwar da ɗanta ya rasu. A atisayen farko na zube ƙasa ina kururuwa, ina kiran sunan yaron, ina birgima, abokan karatuna har suna tafa mini. Malamar da ke ɗaukar kwas ɗin, wadda muke ce wa Dakta, ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Ke 'yar Zamfara, yaron nan ba ɗan fari kuka rubuta ba?" Na ce, "Shi ne, Dakta." Ta ce, "A garinku uwa tana kiran sunan ɗan farinta a gaban surukanta, ko da rai balle babu? To wa kike kwaikwaya, matar ƙauyenku ko wadda kika gani a talabijin?" Ta hana ni furta ko kalma ɗaya a wannan fitowar. Ta sa aka aro turmi da taɓarya na gaske daga unguwar da ke bayan makaranta, ta ce in riƙa daka tsakuwa kafin kowane atisaye har hannuna ya san nauyin aikin, ta kuma ce in tuna yadda gwaggonnina suke zaman makoki, inda suke ajiye idanunsu da abin da suke yi da hannuwansu. A ajin farko an karanta mana sunan Stanislavski, masanin wasan kwaikwayo na Rasha, da abin da ya ce game da ɗan wasa ya nemo gaskiyar hali daga abin da ya sani a rayuwarsa, mun kuma haddace domin jarrabawa, amma a gaban turmin nan na gane abin da ake nufi.

Yadda fitowar ta kasance a ƙarshe shi ne, bayan an dawo daga maƙabarta, matar tana komawa bakin turmi saboda mijin yana jiran garin dutsen, ta ɗaga taɓarya, sai idonta ya faɗa kan farar ƙurar da ke gefen zanenta, daidai inda yaron yake kamawa idan zai miƙe tsaye. Ta kai hannu za ta kakkaɓe, sai ta fasa. Iyakar abin ke nan.

Mun kai wasan wani ƙauye da ake haƙar ma'adinai, muka yi shi a filin ƙofar gidan mai gari bayan la'asar, babu dandamali babu fitila, maza a gefe guda mata a gefe guda. Da na fasa kakkaɓe zanen nan na ji hayaniyar yara ta ɗauke, wata tsohuwa a gaban layin mata ta ja mayafinta ta rufe fuska. Bisa tsarin da Augusto Boal, masanin wasan kwaikwayo na Brazil, ya yaɗa, ba a kai wasan ƙarshe, ana tsayar da shi ne a tambayi masu kallo mafita. Wani matashi mai haƙa ya miƙe ya ce wa Dakta, "Malama, mun ji, kuma abin ya taɓa mu, amma in muka bar dutse me za mu ci?" Ba ta yi masa wa'azi ba. Ta ce ya shigo fili ya karɓi matsayin mijin, ya nuna mana yadda zai yi. Ya ɗauke turmin ya kai shi can nesa, ya ce daka ya koma bayan gari. Wani ya ce a riƙa jiƙa dutsen kafin a niƙa domin ƙura ta kwanta. Jami'in lafiyar yankin ya ƙara da cewa a bar tufafin aiki a can, a yi wanka kafin a shiga gida a ɗauki yaro. Matan, waɗanda na ɗauka ba za su yi magana a gaban maza ba, suka aiko wata dattijuwa ta ce injin hatsi daban, injin dutse daban, ba su yarda a haɗa ba. Mai gari ya sa aka maimaita wannan maganar da ƙarfi kowa ya ji.

Da a yammacin nan wani ya tambaye ni game da sashen, da na ce masa ya rufe ido ya cike fom. Amma wannan ranar ce kuma ta bar mini takaicin da har yau bai huce ba. Kafin tafiyar mun yi karo-karo na mota da kayan sawa da man janareta, sannan aka karɓi wani kuɗi daban a hannun kowa da sunan ɗaukar wasan a kyamarar sashen da tace shi. Ranar tafiya muka tsaya a bakin ofis har rana ta ɗaga, wanda ke riƙe da makullin ɗakin kayan aiki bai zo ba, wayarsa kuma a kashe. Dakta ta ce ba za mu bar mutanen ƙauye suna jira ba, muka tafi haka nan. Abin da ya rage na aikin da ya fi kowane aiki kyau a karatuna shi ne ɗan guntun bidiyon da wani ɗalibi ya ɗauka da waya daga nesa, iska ta cinye muryoyin, ba a ma ganin hannuna a kan zanen. An ce za a mayar mana da kuɗin, an kuma ce za a sake shirya wasan a zauren makaranta a ɗauka, babu ɗaya da aka yi.

Idan na tuna wannan sai sauran abubuwan su dawo mini. Kyamarar nan a tsawon karatuna a kan tebur na gan ta, malami yana nuna mana sassanta da biro, babu wanda ya taɓa tsayar da mu a gabanta ya koya mana wasa. Alhali kowa ya san inda aikin yake a yau: finafinan Hausa na bidiyo da suka fara a Kano tun 1990, da shirye-shirye masu dogon zango da ake sakawa a YouTube da tashoshi irin su Arewa24. Bayan na gama na je gwajin 'yan wasa na wani shiri a Kano, ban kai ƙarshen layin farko ba daraktan ya ce, "Hajiya, rage murya, ba a fili muke ba, kyamara tana gabanki." An horar da ni in kai murya har layin baya na zaure, ba a taɓa gaya mini cewa a gaban kyamara ɗaga gira ma magana ce ba. Da ya tambaye ni ko ina da bidiyon aikin da na taɓa yi, sai na tsaya da takardar digiri a jaka babu abin nunawa. Wata yarinya da ba ta wuce sakandare ba amma ta saba ɗaukar kanta da waya ita aka ɗauka, kuma ta cancanta.

Haka kuma batun harshe. Wasanmu da Hausa aka yi shi, har da karin harshen Zamfara a bakin mijin da surukar, shi ya sa mutanen ƙauyen suka karɓe shi a matsayin nasu, amma da aka zo ba da maki sai aka ce mu miƙa rubutun da Turanci. Muka kwana muna fassara, alkunyar uwa ga ɗan fari ta koma dogon bayani a ƙasan shafi, kuma a kan wannan fassarar aka auna rubutunmu. A sashen da yawancin ɗalibansa da Hausa za su nemi abinci, ban ga kwas ko ɗaya na rubuta wasa da Hausa ba.

Saboda haka yanzu amsata ta danganta da abin da mai tambaya yake nema. Wadda burinta fim ne, gara ta duba Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos, ko kuma ta shiga sashen da sanin cewa aikin kyamara a waje za ta neme shi da kuɗinta a lokacin hutu. Wadda take son wasan dandamali, ko aikin wayar da kai tare da ma'aikatan lafiya da ƙungiyoyin agaji, wanda shi nake yi yanzu a ƙauyukanmu, za ta samu abin da ya fi kuɗin da ta biya, muddin malamai irin Dakta suna nan. Iyaye kuma su je da ƙafarsu kafin a biya kuɗin rajista, su nemi a buɗe musu ɗakin kayan aiki, su tambayi 'yan aji huɗu yaushe rabonsu da riƙe kyamarar, su kuma tanadi kuɗin karo-karo na kowane zango, domin babu shi a takardar kuɗin makaranta. Kuɗinmu na ɗaukar bidiyo kuwa, bayan na dawo daga hidimar ƙasa na sake rubuta wa sashen takarda a madadin rukuninmu, kuma har yanzu ba a ba ni amsa ba.