Dunƙulallen kanel ko ƙarami: wanne za ka ɗora wa kwamfutar tebur?

Wani ɗan'uwa daga Samaru ya tambaya a zauren nan: kwamfutarsa mai Linux tana daskarewa duk sanda ya kunna Wi-Fi, ya kuma ji cewa ƙaramin kanel irin na MINIX ko GNU Hurd ba ya faɗuwa don direba ɗaya ya lalace. Kanel dai shi ne zuciyar tsarin aikin kwamfuta, direba kuwa 'yar manhajar da ke tuƙa wata na'ura ce, kamar katin Wi-Fi ko firinta. Tambayarsa: ya kamata ya sauya ne?

Malam, abin da ka ji haka yake, sai dai da sauran rina a kaba.

Linux, da Linus Torvalds ya fara a 1991, dunƙulallen kanel ne: direbobi da tsarin fayil da harkar sadarwa duk ɗaki ɗaya suke kwana. Shi ya sa yake da sauri, shi ya sa kuma in direban Wi-Fi ya yi rubutu a gurbin ƙwaƙwalwar da ba nasa ba, gidan gaba ɗaya ke rushewa. Ƙaramin kanel kuwa aikinsa kaɗan ne: raba lokacin sarrafawa, kula da ƙwaƙwalwa, isar da saƙonni. Direbobi a waje suke kamar sauran manhajoji. A MINIX 3 akwai mai sa musu ido, wanda ya mutu a tashe shi, kai ba ka ma sani ba. Farashin shi ne yawan kai-komon saƙo tsakaninsu. Kan wannan ne Andrew Tanenbaum, wanda ya ƙirƙiro MINIX, da Torvalds suka yi sa-in-sa a 1992.

Windows tsaka-tsaki ne. Duk da haka a Yulin 2024 sabuntawar manhajar tsaro ta CrowdStrike guda, mai aiki a cikin kanel, ta kayar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5.

To amma a tebur direba ne sarki. Cikin masu ƙaramin kanel, QNX na cikin motoci, an tabbatar da ingancin seL4 da lissafi tun 2009, sai dai babu wanda zai tuƙa maka firintar shagon buga takardu ko katin hoton kwamfutarka yadda Linux ke yi. In ka sauya, Wi-Fi ɗin zai daina daskarewa kam, don ba zai ma tashi ba.

Shawararmu ka zauna inda kake, ka kama mai laifin. Buga lspci -k a tagar ba da umarni (terminal) ka ga sunan katin Wi-Fi ɗin da direban da ke riƙe da shi. Bayan ta daskare ka sake kunnawa, journalctl -k -b -1 zai nuna maka abin da kanel ya faɗa kafin ya faɗi. In bayan sabuntawa matsalar ta fara, zaɓi tsohon kanel daga GRUB, jerin zaɓin da ke fitowa yayin kunna kwamfuta. In ta ƙi, cire direban da modprobe -r, ka hana shi tashi a /etc/modprobe.d, ka sayi ɗan Wi-Fi na USB a Sabon Gari, amma ka duba Linux na gane shi kafin ka biya.

Hurd kuwa, in sha'awa ce, ɗora shi cikin QEMU ko VirtualBox, manhajojin da ke kwaikwayon wata kwamfuta a cikin taka, ka yi ta gwaji ba tare da ka taɓa faifanka ba.