Hattara da masu cewa za su kashe muku zafi da ƙarar rufi

Wallahi har yanzu in na ɗaga kai na kalli silin ɗin falona sai raina ya ɓaci. Kashi 70 na kuɗin aiki na ba wani mai aikin silin kafin alƙalami, kashi 70 fa, tun bai buga ƙusa ko ɗaya ba.

Falon nawa irin mai dogon rufin nan ne da silin ke bin gangaren kwano, babu wani sarari a sama, da rana zafi ya dafa ka, in ruwan sama ya sauko kuma ko na kusa da kai ba ka jin me yake cewa. Shi ne aka haɗa ni da mutumin nan, wai zai kashe min zafin da ƙarar. Kuma kar wani ya zo yana ce min na yi wauta, ni ma sai da na yi bincikena, na san ulun dutse, wani abu mai kama da auduga da ake yi da narkakken dutse, ake cusawa tsakanin katakan rufin, na san ana barin sarari kamar milimita 50 tsakaninsa da kwano don iska ta ratsa kar gumi ya taru. To shi ya riga ni faɗin wannan ma! Ya buɗe bayan motarsa ya ciro guntun ulun, kaurin milimita 100, ya ce "yallaɓai taɓa ka ji, wannan da allon silin biyu su ke tare ƙara, soso ba ya tarewa." Na taɓa. Na matsa da yatsa. Wannan taɓawar ce ta ci ni, a tsaye a wurin na tura masa kashi 70.

Ruwan farko da aka yi, ƙara tana nan yadda na san ta. A'a kafin ruwan ma, tafiya ta kama ni ta kwana 4, na dawo na tarar an rufe an shafe har da fenti, har godiya na yi masa wai ya yi sauri, kai abin kunya. Sai daga baya da baƙin tabo ya fito a kwana mai gyaran wuta ya cire fitila ya leƙa da tocila, ya ce Alhaji zo ka gani. Farin soson nan ne da ake ƙunshe firiji da shi, milimita 25 na auna da kaina, an manna shi jikin kwano, wani wurin ma wayam babu komai. Allo ɗaya ya sa maimakon biyun da muka yi magana. Katako ya fara fumfuna. An ce min 100 an sa min 25.

Na kira ya ce yana tafe, jibi, gata, yanzu layin a kashe, ya yi layar zana da kashi 70 ɗina. Hotunan hirarmu da rasit da bidiyon cikin silin duk suna wayata, zan ɗora su da dare in na huce.

Kar ku bari a rufe silin ba ku hau tsani kun gani da idonku ba, kuma ku ƙirga kayan ranar da aka sauke.

Guntun ulun da ya nuna min ma shi ya bar min wai in ajiye shaida, ga shi nan kan tebur, kaf gidan shi kaɗai ne ulun dutsen da ya shigo.